Mahon Sange a Jikin Buba

Matso nan kusa, ja tabarmar can ka zauna, muryata ba ta kai inda take kaiwa a da. Jiya na ji ku, ku 'yan makarantar jinya da kuke tsayawa shan ruwa a zaurenmu, ɗaya yana ce wa ɗan'uwansa wai aikin ƙaba ba aiki ba ne: a tsaga, a shimfiɗa raga, a ɗinke, kafin shayi na biyu ya tafasa an fito. Ban tanka ba, lokacin hannuna yana cikin ƙullu. Amma maganar ta zauna mini a kunne, shi ya sa na ce bari in rubuta muku da ɗan bokon da na tsinta a ajin manya, in karanta muku kafin in ba ku takardar. In kun ga harafi ya karkace ku miƙe shi, ku bar mini maganata yadda take.

Ni ba lokotoro ba ce, wato likita. Sunana Hadiza, Dije ake kirana. A tsohon gari aka haife ni, nan Agadas, gidan dukawa, kuma ban taɓa wuce Aderbissinat ba. Ko can ɗin ma biki ne ya kai ni, na kwana ɗaya na ce a maido ni ɗakina. Shekara talatin da 'yan kai na yi a ɗakin dafa kayan aiki na asibiti. Bango ɗaya ne tsakanina da bulok, wato ɗakin fiɗa, a jikin bangon kuma akwai 'yar taga da nake miƙa kaya. Ta wannan taga na yi duk karatuna.

Da tsintsiya na fara. Wanda ya raba ni da ita shi ne Majo Kiyari, babban ma'aikacin jinya na bulok, Babarbare mutumin Fachi, dogo, bakinsa ba ya hutawa da zolaya. Wata rana ina shara na ce masa, "Majo, tukunyar can kukanta ya sake." Ya ce, "Wace tukunya?" Na ce, "Ta tururi. Jiya tana fito kamar buta, yau tana huci kamar akuya mai mura." Ya buɗe, ya tarar robar bakin murfin ta tsage. Ya dube ni ya ce, "Ajiye tsintsiyar nan, ɗiyar baduku. Kunnen nan ya fi ƙarfin shara."

Abin dafa kaya biyu muke da shi, wanda bai bambance su ba kuwa bai fara aikin ba. Akwai pupinel, tanda ce ta kuran, wato wutar lantarki, zafinta busasshe, ƙarfe kawai take so: almakashi, aska, pansi masu kama jijiya, ƙugiyoyin buɗe rauni. Akwai kuma tukunyar tururi, ta tufafi ce da auduga da duk abin da busasshen zafi zai cinye. A lokacin ban iya karanta agogon da ke goshinta ba, sai Majo ya yi mini ɗigo biyu da fenti, ja a sama na zafi mai yawa, shuɗi a ƙasa na mai sauƙi. Sunayen ƙarafa kuwa da kunne na haddace su, da faransanci, har yau ban san yadda ake rubuta ko ɗaya ba. Shekara biyu na yi ina wanki da jeri kafin ya yarda in rufe akwati bai leƙa ba.

Aikin ƙaba na farko da na kalla ta taga na wani ɗan dako ne, mai sauke buhunan gero a tashar Damagaram. Ƙaba, in ba ku manta ba, ba ƙari ba ce. Bangon mara ne yake yin rauni a matsematsi, inda igiyar maraina take ratsawa ta sauka, sai hanji ya turo tantaninsa ta wurin, ya yi wa kansa zabira. In mutum ya kwanta ta koma, in ya yi nishi ta fito. Ranar da ta fito ta ƙi komawa, ta shaƙe, in ba kusa da asibiti kake ba sai dangi su fara neman likkafani. A wancan zamani ba mu da raga. Lokotoro zai mayar da hanjin, ya ɗaure zabirar, sannan ya jawo naman sama da ƙarfi ya haɗa da jijiyar ƙasa ya ɗinke. Mutum ya tashi yana tafiya a duƙe kamar wanda allurarsa ta faɗi. Ɗan dakon nan sau uku na dafa masa ƙarfe cikin shekara shida. A na ukun na kasa haƙuri na ce, "Majo, babanmu in salka ta yage ba ya jan bakinta biyu ya haɗa. Ya ce ɗinkin zai riƙe, gefen ɗinkin ne zai tsage. Maho yake sawa." Majo ya ce, "To je ki kira babanku ya sa safar hannu." Na koma kan wankina.

Bayan shekaru aka kawo mana wani lokotoron fiɗa, Lokotoro Salisu, mutum mai ƙarancin magana. A zamaninsa raga ta fara zuwa daga Turai, kowace a cikin takardarta a liƙe, an riga an dafa ta can. Ranar da ya buɗe ta farko Majo ya leƙo ta taga ya ce, "Dije, ga mahon babanku ya iso, ta jirgi ya biyo."

Ku da kuke cewa shimfiɗawa ce kawai, ga abin da idona ya gani ba sau ɗaya ba, ba sau ɗari ba. Ana yi wa mutum allura a gadon baya, ƙafafunsa su mutu, shi kuwa yana farke yana jin hira. A tsaga sama da lanƙwasar cinya, a wuce kitse, a tarar da wani farin mayafi mai sheƙi, a buɗe shi ta bin zarensa. A ƙarƙashinsa akwai jijiya siririya, ba ta fi zaren ɗinki ba. Wanda ya kama ta cikin ɗinki ya ba mutum ciwon da zai raka shi har tsufa. Sai a ɗaga igiyar maraina a rataya ta da ƙyalle, a raba zabirar hanjin da ita a hankali, don a cikin igiyar nan hanyar haihuwar mutum take. A mayar da hanji gidansa. Duk wannan ba a taɓa raga ba tukuna.

Ita kuma ragar yanka ta ake yi, kamar tafin takalmi, kai a zagaye, ƙarshe a tsage shi wutsiya biyu. Kan zai hau kan ƙashin mara ya wuce shi kaɗan, a ɗinke a jikin taurin naman da ya rufe ƙashin, allura ba ta shiga ƙashin kansa. Gefen ƙasa a bi shi da zaren da ba ya narkewa. Wutsiyoyin biyu su rungumi igiyar, a gitta su. In ƙofar da aka bar wa igiyar ta matse, an shaƙe maraina. In ta yi faɗi, an bar wa hanji hanyar dawowa. Kuma ba a ɗame raga, ana barin ta da ɗan sako-sako, don mutumin da ke kwance ba shi ne mutumin da ke tsaye da buhu a ka ba. Lokotoro Salisu ya taɓa faɗa wa wasu 'yan koyo, ina ji ta taga, cewa raga azara ce kawai, nama ne yake zuwa daga baya ya bi idanunta ya yi yaɓe.

Sai shekarar nan ta zo. Damina da ma ba ta yi ba, rani ya shigo a kan rumbu wofi, sojoji kuma suka karɓi mulki a Yamai. Mu a asibiti ba mu ga bindiga ba. Abin da muka gani shi ne motar kaya ta daina zuwa a kan kari. Wasu suka ce masu taimako ne suka janye hannu, wasu suka ce takardu ne suka tsaya a hanya. Ko ma mene ne, raga ta ƙare. A daidai lokacin kuma masu ƙaba suka cika mana inuwar dogon yaro, yawancinsu makiyaya. Ban gane dalili ba sai da na kasa kunne ga hirarsu. Rijiyoyin daji masu zurfi ne, sa ko raƙumi ne ke jan wasaki, babban gugan fata. Fari ya kashe dabbobin ja, sai maza suka ɗora igiya a kafaɗa suna ja da kansu, daga hantsi har rana ta faɗi, ciki babu abinci. Bangon mara ba a gina shi don aikin sa ba.

Wata safiya Lokotoro ya kira ni da Majo, ya ajiye wani farin ƙyalle mai idanu a gabanmu, faɗin tafin hannu. Ya ce wani abokin karatunsa da ke aiki a wata ƙasa ne ya ba shi, da irinsa suke yi in raga ta yanke musu. Na taɓa, na ce, "Lokotoro, ai wannan sange ne, gidan sauro." Ya ce, "Shi ne. Amma da sharaɗi uku. Marar magani, irin wannan zaren daidai, kuma ni da bakina zan faɗa wa kowane marar lafiya kafin in sa masa. Dije, ke kika san kasuwa."

Na san kasuwa, amma a shekarar nan duk sangen da ke gari mai magani ne, irin wanda ake rabawa don zazzaɓi. Wanda ke kashe sauro kuwa ba a rufe shi a cikin mutum. Rumfa bakwai na shiga kafin in isa wajen Alhaji Ilu mai yadi. Ya ce, "Dije, yau kuma wane sauro ne ya yi ƙarfin halin shiga gidanku?" Na ce, "Alhaji, marar magani nake nema." Ya ce, "Duniya tana neman mai magani, ke kina neman wanda sauro zai yi shimfiɗa a kai." Ya tona ƙarƙashin kaya ya zaro farare guda biyu, tsofaffin ajiya da suka yi kwantai. Na sansana, na goga a cikin hannuna na zauna na sha ruwa, ban ji raɗaɗi ba. Na ɗaga su a rana tare da ƙyallen Lokotoro, idanu suka yi daidai. Da na kai, shi ma ya karanta 'yar takardar da ke jikin ɗinkin, ya ce su ne.

A nan na yi kuskurena na farko. Na wanke guda sau uku, na shanya a ɗaki, na yanka shi gida-gida. Saboda ina ganin darajarsa sai na jera shi a akwatin ƙarfe, ba a takarda ba. Hannun da ya shekara yana kai akwatin ƙarfe pupinel kuwa bai tambaye ni ba, ya kai shi pupinel. Hanci ne ya ba ni labari. Da na buɗe, sai ga shi ya narke ya dunƙule kamar alewar da aka manta a rana. Majo ya shigo yana sansana ya ce, "Yau me aka dafa mana?" Lokotoro bai yi faɗa ba. Ya ce, "Saura nawa?" Na ce, "Guda." Ya ce, "To a takarda, a tururi, a shuɗin ɗigo. Jan ɗigo zai ƙanƙance shi." Ya auna yanki ɗaya kafin ya shiga tukunya, ya sake aunawa da ya fito, ya ja shi ta kowane gefe, sannan ya ce mu sa rana.

Wanda aka sa wa ranar shi ne Buba, Bafillace daga wata rijiya gaba da Aderbissinat, mutum mai furfura a gemu. Shekara huɗu kafin nan an yi masa aiki irin na da a wani gari, ya zauna lafiya har shanunsa biyu na ja suka mutu ya ɗauki igiya. Ƙabar ta dawo ta fi ta farko, yana ɗaure ta da yankin rawani. Sau biyu ta ƙi komawa a bakin rijiya, ya kwanta ƙafafu a sama har Allah ya sassauta. Cikin garkensa saniya bakwai suka rage, ya bar wa matarsa da ƙanensa suna roƙon aron raƙumi a wajen maƙwabta. Lokotoro ya ce in aka sake jan naman nan aka ɗinke, wasaki na farko zai farke shi, in kuma aka bar shi haka, ta ukun ba lallai ta koma ba.

Kun san Fulani da Barebari taubasai ne. Tun ranar da Majo ya ɗora ido a kan Buba asibiti ya samu abin kallo. "Kai bawana, me ka ɓoye a wando, ɗan maraƙi?" Buba ya ce, "Gishirinku na Fachi ne na sato, zo ka karɓa." Haka kullum. Ana gobe aiki, da azahar, Majo ya je inuwar dogon yaro gaya masa kada ya ci komai bayan isha. Lokotoro ya riga ya ce shi zai zauna da Buba bayan la'asar ya yi masa bayani, Majo kuma ya sani, amma bakin taubashi ba shi da linzami. Ya ce a gaban mutane, "Gobe da sange za mu yi maka maho. Ragar Turai ta mutane ce, Bafillace gidan sauro ya ishe shi." Buba ya yi dariya har yana dafe mara, ya ce, "Babarbare in bai yi ƙarya ba ranar zazzaɓi yake yi." Kowa ya fashe da dariya.

Ni kuwa ga ni na biyo da kwandon wanki. Buba ya ce, "Baiwar Allah, kin ji abin da mahaukacin nan yake faɗa?" Ni da tambaya ba ta wuce ni ban amsa ba, sai na ce, "Ai gaskiya ya faɗa, ni na yanka shi da hannuna." Wannan shi ne kuskurena na biyu, kuma ya fi na pupinel.

Dariya ta yanke. Wasan taubasai yana tsayuwa ne a kan kowa ya san ƙarya ce. Ranar da maganar ta zama gaskiya ta tashi daga wasa, ta koma zagin da aka yi wa dattijo a gaban jama'a, har da cewa ta Turai ta mutane ce. Buba ya naɗe tabarmarsa, ya rataya salkarsa, ya ɗauki sanda. Majo ya bi shi yana cewa, "Haba taubashi, haba." Buba ya ce, "Yau ba ni da taubashi," ya fice. Majo ya dawo wurina. Ya ce, "Dije, ni ba zai saurare ni ba. Lokotoro yana bulok, hannunsa a cikin wata mai haihuwa. Motar Damagaram kuma bayan la'asar take tashi."

Na ɗauki wani guntun sange da ya rage wajen yanka, na fita da rigar aiki. Bai yi nisa ba, don tafiya tana sauko masa da ita. Na same shi tsugune a gindin wani bango. Na ce, "Malam Buba, sam mini ruwa." Makiyayi ba ya hana ruwa ko yana fushi. Ya miƙo salka bai dube ni ba. Na sha, na juya ta a hannuna, maho uku a jikinta.

Na ce, "Wa ya yi wannan ɗinkin?"

Ya ce, "Ni."

Na ce, "Ya nuna."

Ya ɗago ya harare ni. Na ce, "Wannan mahon fatar me ce?"

"Tsohon takalmi."

"Wannan fa?"

"Bakin wasakin da ya mutu."

"Ruwan ya taɓa tambayarka asalin fatar?"

Ya karɓe salkarsa. Na ce, "Me ya hana ka ja bakin yagar ka ɗinke, ka huta da neman fata?"

Ya ce, "Ke ba ki san fata ba. Gefe zai tsage."

Na ce, "A cikin fata aka haife ni, ɗiyar baduku ce ni. Abin da aka yi maka ke nan shekara huɗu da suka wuce. An ja an ɗinke, gefe ya tsage."

Ya ce, "Babarbaren nan ya ce ta Turai ta mutane ce."

Na ce, "Wannan kam ƙaryar Babarbare ce. Ta Turai ta ƙare tun watan jiya. Ko mai gari ne ya zo yau, ko dai sange ko a ja a ɗinke. Kuma ba zan rufe ka ba, kai ne na farko a nan. Lokotoro ya ce a wasu wurare an yi wa mutane, ni dai ban gani da idona ba."

Ya ce, "Ni ne zakaran gwajin dafi ke nan."

Na ce, "An fara da kai ne don naman wurin ya riga ya sha allura, ba zai ƙara riƙe ɗinkin ja ba. Ungo, gwada shi da kanka."

Ya karɓi guntun, ya naɗa a yatsu ya ja, ya sa haƙori ya ja, ya ɗaga shi a rana. Sannan ya tsiyaya ruwan salka a kai, ruwa ya zube ƙasa. Ya ce, "Wannan ko ruwa ba ya riƙewa." Na ce, "Ba ruwa zai riƙe ba. Namanka ne zai bi idanun nan ya cike su." Ya ce, "Yaushe zan ja igiya?" Na ce, "Wannan ta Lokotoro ce, amma na saba ji yana ce wa masu aikin ƙarfi kwana arba'in." Na ga leɓensa yana motsi. Ya ce, "Kwana arba'in, bakwai ɗin nan ba za su kai ba duka." Na ce, "In ta shaƙe ka a bakin rijiya, wa zai ja wa ko ɗaya?"

Aka kira la'asar muna nan. Ya sa guntun a aljihu ya ce, "Magana biyu. Mahon ya wuce yagar da yatsa biyu ta ko'ina, kada a yi mini rowa. Ta biyu, Babarbaren nan ya zo ya ɗauki tabarmata da kansa." Na koma na faɗa wa Majo. Babban majo guda, da farar rigarsa, ya ɗoro tabarma a ka ya ratso tsakar asibiti, Buba yana bayansa da sanda yana ce wa mutanen inuwa, "Ku ba bawana hanya, ya ɗauko kaya."

Da Lokotoro ya fito ya zauna da Buba ya yi masa bayani daga farko, har da abin da zai iya ɓaci. Sannan ya kira mu biyu ya ce, "Daga yau ba mai yi wa marar lafiya maganar raga kafin ni." Ya dubi Majo ya ƙara, "Ko da wasa." Ya dube ni bai ƙara komai ba, na gane.

Aikin Buba ya wuce sa'a biyu. Wurin da aka taɓa fiɗa ba kamar sabo ba ne, komai ya manne da komai, farin mayafin nan ya zama tabo, sai da Lokotoro ya yi ta bi da bakin almakashi kaɗan-kaɗan kafin ya raba igiyar da zabirar. Ya ce a kawo, na miƙa takardar ta taga, Majo ya buɗe bai taɓa cikinta ba. Lokotoro ya yanka tafin takalminsa, ya tsaga wutsiya. Sai muka ji murya daga bayan ƙyallen da aka tare masa fuska, "Yatsa biyu, Lokotoro." Lokotoro ya ce, "Na ba ka uku." Da ya gama gitta wutsiyoyin ya ce masa ya yi tari. Ya yi, ba abin da ya leƙo.

Ni nawa jiran daga kwana na uku yake farawa, don in dahuwata ba ta yi ba a nan ruwa da zafin jiki suke nuna kansu. Ba su nuna ba. A kwana na biyu ma ya riga ya taka har inuwar dogon yaro a miƙe, ba duƙo. Aka cire zare, ya hau motar Damagaram. Bayansa muka yi wa sauran da abin da ya rage na sange ɗayan nan, da ya ƙare Alhaji Ilu ya sa aka nemo mana wani daga kudu.

Ruwa ya sauka a makare. Bayan ciyawa ta fito, makiyaya suna wucewa Ingal kai dabbobi lasar gishiri, sai ga Buba a bakin ƙofata. Cikin shanunsa bakwai, huɗu ne suka ga damina. Ya ce, "Ƙarya ba kyau, kwana talatin da uku na yi na ɗauki igiya." Ya sa aka kira Majo, ya ce, "Sa hannunka nan, bawana." Ya yi tari uku masu ƙarfi. Majo ya ce, "Kaito, Bafillace ya ƙi mutuwa." Ni kuma ya ajiye mini cuku biyu da salkar nan tasa, ya ce, "Tunda kin raina ɗinkina, ki gyara, in na dawo daga Ingal zan karɓa." Na farke mahon ukun na sake su da fatar akuya, yadda babanmu yake yi.

Daga baya motar kaya ta dawo, ragar Turai ta cika mana kabad, Lokotoro ya ce a ajiye almakashin sange. Sai ga mutanen rijiyar su Buba suna zuwa ɗaya bayan ɗaya. Na farkonsu da aka nuna masa raga a cikin takardarta mai rubutu, ya ture ta ya ce, "Ni wannan ban san ta ba. Irin ta Buba nake so, ita na gani tana jan wasaki." Bafillace ne shi ma. Majo ya buɗe baki zai yi magana, na ga ya haɗiye ta, ya je ya kira Lokotoro.

To kai da ka ce kafin shayi na biyu an gama, a ce yau kai ne a bakin ƙofar can, raga ta ƙare, Lokotoro hannunsa a cikin aiki, ga mutum ya naɗe tabarmarsa, motar Damagaram kuma an fara ɗaure mata kaya: me za ka faɗa masa ya dawo?